Hoton da Yuzu Ta Tafi da Shi Gida

Chiharu Mogami ba ta san zama ba. Shekara tara ke nan tana shigowa shagona, kuma in na ce na taɓa ganin ta ta yi minti biyar a kan kujera, na yi ƙarya. Har kujera na saya mata, 'yar ƙarama mai naɗewa, na ajiye kusa da tawa. Jakarta ce ta more ta.

Shagona yana ƙasan wani tsohon bene mai hawa biyar, a wani lungu bayan babban titin Akihabara, a birnin Tokyo. Injinan gaca nake da su, ɗari biyu da goma, jere har rufi. Ka jefa sulalla, ka murɗa, ƙwallon roba ya faɗo da ɗan abin wasa a ciki. Sunana Fusae, amma duk lungun Goggo suke ce mini, har waɗanda suka girme ni. A hawa na uku akwai Gidan Ƙararrawa, gidan shayin hadimai, inda 'yan mata cikin baƙar riga da farin ƙyallen gaba suke tarar kowane baƙo da "Sannu da dawowa gida, Maigida," ko da yau ya fara taka ƙasar nan. In zai fita kuma ba a yi masa sallama, sai dai a ce masa a dawo lafiya.

Chiharu jagorar masu yawon buɗe ido ce. Ƙarfe ɗaya take ɗaukar mutanenta a bakin tashar jirgin ƙasa, goma ko sha biyu, da sandarta mai 'yar tsanar kyanwa a kai. Ta shiga da su gidan wasanni mai hawa shida, ta nuna musu dattawan da suka yi shekara talatin suna dambe da inji guda. Ta kai su shagon tsoffin kaset-kaset na wasa, ta bi da su ta cikin akwatunan gilashin da mutane ke haya suna sayar da mutum-mutumin katun, ta hau da su wurin bauta na kan tudu inda ake kai sabuwar kwamfuta a sa mata albarka. Duk wannan cikin awa biyu, ita a gaba kamar an biyo ta, su a baya suna haki. Na taɓa ganin wani ƙaton Bajamushe ya zauna daɓas a bakin titi yana ɗaga mata hannu biyu, ita kuwa tana can gaba tana yi wa iska bayani.

Ƙarfe uku daidai take isowa gindin matakalarmu. Ta danna ƙararrawa, hadima ɗaya ta sauko, ta ƙirga mata baƙin ta damƙa mata. Su hau su ci shinkafa da wainar ƙwai, a zana musu kyanwa da miyar tumatir, a sa su tafi da waƙa. Ita kuwa ba ta taɓa ɗora ƙafa a kan matakala ta farko ba. Sai ta faɗo shagona ta yi minti arba'in da biyar tana hana ni sakat. Ta gyara injin da bai karkace ba, ta tsince fankon ƙwallaye, ta duba agogo, ta leƙa ƙofa, ta dawo, ta sake duba agogo.

"Ke, zauna mana. Jiri kike sa ni."

"Yanzu, Goggo."

"Yanzun nan naki ya kusa shiga makarantar sakandare."

Sai ta yi dariya ta ci gaba da kai-komonta. Kuma ba ta aiki ranar Laraba. Ko kamfaninsu zai durƙusa mata, ko baƙi sun cika gari maƙil, Laraba ba a ganin ƙeyarta a unguwar nan.

Ni dai na gane ta tun ranar farko da ta shigo da sandar nan tata. Fuska tana canzawa, tafiya ba ta canzawa. Shekaru can baya, wata siririyar yarinya tana tsayawa a ƙofar shagona cikin farin ƙyallen gaba tana raba takardun talla, tana canza ƙafa kamar ƙasar na ƙona ta. Yuzu take amsawa a lokacin. Amma a unguwarmu hadima ba ta da sunan yanka, ba ta da gari, shekarunta sha bakwai har abada, kuma in ta cire ƙyallen, ba a tarar ta a ce an san ta da shi. Don haka na ja bakina na yi shiru shekara tara, abin da duk wanda ya san ni zai gaya maka ba ƙaramin aiki ba ne.

Sauran tarihinta a guntu-guntu na tsince shi, don ba ta tsayawa ta gama magana. A Yamagata aka haife ta, cikin gonakin 'ya'yan itace. Babanta gyaran tarakta yake yi. Tana shekara sha tara ta zo Tokyo don ta zama mai zanen littattafan katun, ta yi shekara biyu a ƙarƙashin wani mai zane tana zana masa tagogi da ruwan sama, shi yana zana mutane. Hannu akwai, haƙuri ne babu. Daga nan ta hau hawa na uku. Bayan ta bar can ta yi shekara uku tana amsa wayar mutanen da injin wankinsu ya lalace. Ta yi aure, ta auri wani bawan Allah mai son zama, ya jure shekara biyu ya ce zama da ita kamar kwana a tasha ne. Turanci kuwa a wasan intanet ta koya, wajen zagin waɗanda suka kashe ta. Ta sauya gida sau bakwai. Kuma duk faɗin Tokyo ta rasa inda za ta nemi aiki sai wanda zai kawo ta gindin wannan matakala sau biyar a mako.

Abin da ya daɗe yana cin raina shi ne yadda ta bar hawa na uku. Hadima ba ta barin aiki haka kawai, yaye ta ake yi. A sanar wata guda kafin ranar, masu zuwa wurinta su zo da furanni, a yi kuka, a yi hoto, ta sallami duk wanda ke da wani abu a hannunta, ta faɗi "a dawo lafiya" na ƙarshe. Yuzu ba a yaye ta ba. Wata Laraba ce kawai ba ta zo ba, shi ke nan.

A watan Janairun bana aka manna mana takarda a bango. Za a rushe benen, kowa ya kwashe nasa kafin ƙarshen Maris. Ni ban damu sosai ba, gwiwoyina sun daɗe suna kai ƙarata, kuma 'yata ta share mini ɗaki a Saitama. Gidan Ƙararrawa kuwa suka ce ba za su koma ko'ina ba, rufewa za su yi gaba ɗaya. Chiharu ta tsaya gaban takardar nan ta karanta sau uku. Daga ranar abin nata ya ƙaru. Ta manta wata Bafaranshiya a shagon kaset. Ta murɗe mini hannun inji har ya cire. Ta rame, idanunta suka faɗa.

Wata ranar Litinin a Fabrairu, ana yayyafi, baƙinta suna sama, na ga ta ɗauki fankon ƙwallo ɗaya ta ajiye sau huɗu. Raina ya ɓaci.

"Yuzu," na ce, "ko ki faɗa mini abin da ke damun ki, ko ki fita ki jira a ruwa."

Ta tsaya cak. Ita ce tsayawarta ta farko da na gani.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun kina tare mini ƙofa da takardunki na banza. Ina jin ki."

Ta buɗe jakarta, ta zaro wani ɗan gwangwanin alewa, ta buɗe shi. A ciki akwai hoton nan-take, irin ɗan ƙaramin nan mai farin baki, an naɗe shi da takarda mai laushi. Ba ta ba ni ba tukuna, sai da ta ba ni labarin.

A can sama, baƙo yakan ɗauki hoto da hadimar da yake so, ita kuma ta ƙawata shi da alƙalamin fenti, ta rubuta sunansa da kwanan wata da nata sunan. In gida ya cika, ko ana son aiki mai kyau, sai ta tafi da shi, ta kawo masa ranar da zai dawo. Aikin gida suke ce masa. Yuzu ta fi kowa iya shi, har layi ake yi mata.

Akwai wata mata da ke zuwa kowace Laraba ƙarfe uku, ita kaɗai, ta kusa sittin. Ba wanda ya san sunanta, don ba a tambaya. Uwargida Laraba suke kiran ta. Ta taɓa gaya wa Yuzu cewa ita ba shayin ne ke kawo ta ba, a gidanta ne babu mai ce mata sannu da dawowa. Mijinta ya rasu. Ɗanta guda ya shiga ɗakinsa ya rufe shekara shida, abinci a bakin ƙofa take ajiye masa. Kowace Laraba in ta koma sai ta zauna a bakin ƙofar nan ta ba shi labarin Gidan Ƙararrawa, yana ji ko ba ya ji.

"Sai ga shi wata Laraba ta shigo da shi," in ji Chiharu. "Goggo, gashi har kafaɗa, fatarsa fara fat, kansa a ƙasa. Shekararsa ashirin da takwas. Bai ce uffan ba. Amma ya cinye shinkafarsa tas. Da za su tafi ta ce a yi mana hoto mu uku. Sai ta ce, 'Tafi da shi gida, 'yata, ki yi masa kyau. Laraba za mu zo tare mu karɓa.'"

Sannan ta miƙo mini.

A dama ga Yuzu da yatsu biyu a kumatu. A hagu ga 'yar ƙaramar mata ta buɗe baki tana dariya har idanunta sun rufe. A tsakiya kafaɗun mutum ne da wuya, amma inda fuska ya kamata ta kasance sai wani baƙin tabo da ya caɓe, gefensa ya yi fari-fari kamar an kankare.

"Kunnen kyanwa na so in zana masa," ta ce. "Ranar Larabar da safe, ina sauri. Alƙalamin ya ƙi kawo fenti, na danna shi a kan hoton, ya amayo gaba ɗaya. Na goge da hannu ya ƙara yaɗuwa. Na ɗauko ruwan cire jan farce na sa, sai ya cinye fuskar."

"Sai kika yi yaya?"

"Na sa kaya, na zo har tasha. Na kasa fita daga jirgin. Na yi ta zagaya gari a cikinsa har yamma. Na ce gobe zan je. Da goben ta zo na ce ai sai Laraba."

"Haba, Chiharu! Saboda ɗigon fenti kika watsar da aikinki? Shekara sha huɗu? Ai sai ki ce a sake wani!"

"Da wa za a sake? Rana ɗaya ya fito cikin shekara shida, Goggo. Rana ɗaya tak. Irin wannan hoton kuma ba shi da na biyu. Ni na shafe shi."

Na so in ci gaba da faɗa, don faɗa ya fi mini sauƙi, amma sai na ƙura wa matar ido. Na san ta. 'Yar ƙarama, mai koriyar lema wadda mariƙinta kan agwagwa ne. Kowace Laraba in ta sauko sai ta murɗa inji ɗaya, ba ta buɗe ƙwallon, ta ce na ɗanta ne. Tausayi ya kama ni, na matar da na wannan sakaryar da ke tsaye gabana.

"Ta daina zuwa," na ce. "Shekara huɗu ke nan."

Chiharu ta dafa injin da ke kusa da ita.

"Amma lemar ba ta daina ba," na ce. "Wani mutum ne ke zuwa da ita yanzu. Kowace Laraba ƙarfe uku, ko ana rana ko ana ruwa. Ba ya sayen komai a wurina, shi ya sa ban taɓa kula shi ba."

Ta mayar da hoton cikin gwangwani, ta rufe.

"Kawo in ba manaja ya miƙa masa," na ce.

"A'a. Aikin gida wadda ta karɓa ita ke mayarwa, da hannu biyu, a cikin gidan. Ba a aikawa."

"To sai ki hau. Laraba shida suka rage a rushe matakalar, daga nan ko sunansa ba ki sani ba, balle ki nemo shi."

Laraba ta farko na hango ta a tsallaken titi, ta ɓuya a bayan injin sayar da lemo, rabin jakarta a waje. Mutumin ya zo ya hau, ya sauko, ya wuce ta gabanta. Ba ta motsa ba. Ta biyu ta bugo mini waya tana tambayar ko ya zo, na ce ni ba 'yar sandan ciki ba ce, na kashe. Ta uku ta zo har ƙofar shagona, ta ce ta manta ba ta kashe tukunyar shinkafa ba, ta juya da gudu. Ta huɗu da ta biyar ko ɗuriyarta ban ji ba. Sauran kwanakin kuwa tana zuwa da baƙinta, ta ƙi haɗa ido da ni, ni ma na ƙi yi mata magana. Na naɗe kujerarta na jingine a bango don ta gani.

Larabar ƙarshe ta Maris, rabin injinana an riga an kwashe. Ƙarfe uku saura kaɗan mai lema ya wuce ya hau. Na duba titi, babu kowa. Na ce shi ke nan, yarinyar nan ta kashe kanta da tsoro. Sai na hango 'yar tsanar kyanwa tana tahowa a kan sanda, da baƙi sha ɗaya a bayanta.

"Ke da ba kya aikin Laraba?"

"Na karɓi na wani," ta ce. "In ina da mutane dole in zo ƙofar. Ni kaɗai ba zan zo ba."

Ta danna ƙararrawa. Wata hadima mai kumatu, Koume, ta sauko tana tsalle-tsalle, ta miƙa hannu a ba ta baƙi kamar kullum.

"Yau ni zan hau da su," in ji Chiharu.

Ta faɗa, amma ƙafar ta ƙi. Ta tsaya tana kallon matakala ta farko, baƙi suna kallon ta. Na ga idonta ya fara neman hanyar tasha. Na jawo ƙofar shagona na rufe, na damƙi wuyan hannunta.

"Shekara ashirin da biyu ina ƙasan benen nan ban taɓa hawa ba," na ce. "Yau za ki sa in hau da waɗannan gwiwoyin. In kika ƙwace, tare za mu gangaro, kuma ni zan faɗo a kanki."

Muka hau, ina nishi ina jan ta. Ƙofa ta buɗe, 'yar ƙararrawa ta kaɗa, 'yan mata biyar suka haɗa baki: "Sannu da dawowa gida, Uwargida!"

"Uwargidan wa? Ni ce Goggon ƙasa, ku ba ni kujera kafin in mutu."

Manajan gidan, Ebihara, yana bayan kantar haɗa shayi yana goge kofi. Lokacin da na fara saninsa yana da gashi. Ya ɗago, ya kalli Chiharu, ya daɗe yana kallo. Sannan ya duba agogon bango.

"Yuzu," ya ce, "kin makara."

"Ka yi haƙuri, Manaja."

"An sa ki aikin ƙarfe biyu."

Ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya ɗauko farin ƙyallen gaba ya miƙa mata. Bai tambaye ta komai ba. Na daɗe ina raina mutumin nan saboda ba ya share matakala, amma ranar ya burge ni.

Ta ɗaura ƙyallen a kan rigar ruwanta, da wandonta da takalmin gudu, mace mai shekara talatin da tara. Baƙinta suka ɗauka cikin shirin yawon ne, suka hau tafi, wani ya ɗaga waya. Na nuna masa takardar hana hoto da yatsa, na yi masa kallon da ba ya buƙatar tafinta. Ya sauke.

Mutumin yana teburin kusa da taga, lema a jingine da kujerar da ke gabansa. Ya haura arba'in, furfura ta fara fito masa, yana sanye da rigar masu aikin ɗaukar kaya. Chiharu ta je ta durƙusa a gefen teburin yadda hadimai suke yi, ta buɗe gwangwanin, ta ɗago hoton da hannu biyu, kanta a ƙasa.

"Maigida, na kawo aikin gida. Na ɓata shi. Tsoro ya hana ni kawowa. Ba ni da abin cewa sai haƙuri."

Ya karɓa. Ya kalli hoton, ya kalle ta, ya sake kallon hoton.

"Wannan baƙin abin ni ne?"

"Kunnen kyanwa na so in zana."

Ya ɗan yi dariya ta hanci. "To ai kin kama ni. Haka nake lokacin."

Ba ta ɗago ba.

"Larabar da ta biyo na zo tare da ita," ya ce. "Na yi aski ma. Muka jira har aka kunna fitilun titi. Da muka koma gida na shiga ɗaki, ban sake fitowa ba sai bayan shekara uku."

Kafaɗun Chiharu suka fara girgiza.

"Ban ce ke kika mayar da ni ba. Dalili nake nema, kika ba ni. Da ba ke ba da wani abin ne." Ya juya kofin shayinsa. "Ita kuwa ba ta fasa zuwa ba. Duk wanda ya ce Yuzu ta gudu sai ta ce a'a, yarinyar ta ce za ta yi masa kyau, a bar ta ta gama. Tana asibiti ma sai da ta ce mini, 'Susumu, ka riƙa leƙawa ranar Laraba, kada ta zo ta tarar babu kowa ta ji kunya.'"

Koume ta toshe bakinta da tire. Ni kuwa na ce hayaƙin kicin ne ya shiga mini ido, ko da yake ba wanda ya tambaye ni.

"Fuskarka..." in ji Chiharu.

"Fuskata kullum ina ganin ta, ba wani abin kirki ba ne." Ya sa babban yatsa a gefen hoton, daidai wajen matar, bai taɓa fuskar ba. "Hotunanta da ke gida duk na katin aiki ne da na asibiti. Ko ɗaya ba ta dariya. Shekara tara ina bayan ƙofa, ban san haka take yi ba."

Ya daɗe a haka. Sannan ya juya hoton ya duba bayansa, ya sake juyowa, ya turo mata shi kan tebur.

"Ba ki gama ba. Babu kwanan wata, babu suna."

Ebihara ya riga ya iso da alƙalami. Chiharu ta karɓa, amma a durƙushen da take rubutun ya ƙi yiwuwa. Susumu ya ɗauke koriyar lemar daga kujerar da ke gabansa ya ɗora a cinyarsa.

"Zauna ki rubuta."

Hadima ba ta zama a teburin baƙo. Kowa a gidan ya san haka. Ta kalli manaja, manaja ya ga wani kofi da ke buƙatar gogewa da gaggawa. Ta zauna.

"Sha bakwai ga Nuwamba," ya ce, tun ba ta tambaya ba.

Ta gwada alƙalamin a bayan hannunta, sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Ta rubuta kwanan watan a farin bakin hoton. Ta rubuta Yuzu a ƙasan inda take a hoton. Sannan ta kai alƙalamin ƙasan matar ta tsaya.

"Uwargida Laraba zan sa?"

Ya girgiza kai.

"Michiyo," ya ce. "Sunanta Michiyo."

Baƙi sha ɗaya suna zaune shinkafarsu tana hucewa, lokacin komawa tasha ya wuce. Chiharu ta gyara zama, ta jawo kujerar kusa da tebur, ta dafe hoton da yatsu biyu. Ta rubuta sunan a hankali, harafi bayan harafi, ba ta danna alƙalamin ba.